Neman Mota a Ƙasar Dusar Ƙanƙara

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina koya wa yara labarin dusar ƙanƙara a darasin labarin ƙasa, amma ban taɓa taka ta da ƙafata ba sai a hutun Kirsimeti na shekara ta 2022, sa'ad da na ziyarci ƙanena a jihar Vermont ta ƙasar Amurka. Hutawa na je yi, sai ga shi na ƙare da bin ƙanena daga wannan gareji zuwa wancan muna neman mota. Abin da na gani a wannan yawo shi ne zan ba ku labari.

Vermont tana arewa maso gabashin Amurka, ta yi iyaka da Kanada. Ƙasa ce ta tuddai da kurmi da gonakin shanun madara. Mutanenta ba su kai dubu 650 ba a ƙidayar 2020, fiye da rabin hanyoyinta kuwa ba su da kwalta. Jirgina ya sauka a Boston, daga nan muka yi tafiyar wajen awa uku arewa zuwa wani gari da ake kira St. Johnsbury. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta fāɗi. Gidan ƙanena yana bayan garin, a kan tudu, hanyar kuwa ta ƙasa ce, ta yi fari fat.

Da muka iso gindin tudun, ƙaramar motarsa ta hau kamar taku ashirin, sai tayoyin gaba suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ya koma da baya, ya sake gwadawa har sau uku, a banza. Muka bar ta nan, muka ɗauki akwatina a ka muka hau da ƙafa. Sanyin Jos da nake taƙama na saba da shi, a ranar na san wasan yara ne.

A daren nan ya gaya mini damuwarsa. Ya ce, "Yaya, ka ga matata, watan Fabrairu muke sa ran za ta sauka, asibiti kuwa mil 20 ne daga nan. In naƙuda ta zo da dare ana zuba dusar ƙanƙara, wannan mota ba za ta kai mu ba. Abin da na tara dala 9,000 ne, ba na kuwa so in ci bashi." Na ce, "To, ai da ɗan gari akan ci gari. Wa ka sani a nan?" Kashegari muka tafi wurin maƙwabcinsa, wani tsoho manomi wanda a kan tudun aka haife shi.

Tsohon ya zaunar da mu kusa da murhu, ya yi mana bayani dalla dalla. Yawancin ƙananan motoci, inji yana juya tayoyi biyu ne kaɗai. In biyun nan suka sami santsi, shi ke nan mota ta tsaya. Mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa, inji yana ba dukan tayoyin ƙarfi, in biyu sun zame biyu su ja. Amma iri biyu ne. Akwai wadda direba yake sa mata giyar taimako da hannunsa, kamar tsohuwar Land Rover da iyayenmu suka sani, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Irin wannan tana da ƙarfi a cikin laka da dusa mai zurfi, amma ba a barin ta cikin giyar taimako a kan busasshiyar kwalta, gama tayoyin gaba da na baya suna ɗaure da juna, a wurin kwana sai ƙarafan su yi ta wahala har su lalace. Akwai kuma wadda ita da kanta take rarraba ƙarfi ga tayoyin, direba ba ya taɓa kome. Ya ce wannan ta biyun ta fi dacewa da mutumin da zai bi hanyar ƙasa mil uku, sa'an nan ya hau kwalta wadda nan ƙanƙara, can busasshe.

Sai ya ɗaga yatsa ya ƙara da wata magana. Ya ce ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ba ya taimakonta ta tsaya. Kowace mota birki huɗu gare ta, babba da ƙarama. A kan ƙanƙara kuwa, tazarar da mota take bukata kafin ta tsaya takan kai ninki goma na ta busasshiyar hanya. Abin da ke riƙe mota a ƙasa shi ne taya. Saboda haka ya ce wa ƙanena kada ya kashe kuɗinsa duka a kan mota, ya ware na tayoyin hunturu huɗu tun kafin ya fara ciniki.

Ni dai a sanina taya taya ce, sai dai sabuwa ko tsohuwa. Ashe ba haka ba ne. Robar tayar yau da kullum takan taurare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas. Tayar hunturu kuwa an yi ta da roba mai laushi, da ƙananan tsage-tsage masu yawa da suke kama dusar. Ana gane ta da wata alama a gefenta, hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Waɗansu har da 'yan ƙusoshi a jikinsu domin ƙanƙara. A lardin Kwibek na Kanada, wanda yake maƙwabtaka da Vermont, doka ta tilasta sa irin tayoyin nan daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Vermont ba doka ba ce, amma mutanen ƙauye ba sa jiran a gaya musu.

Mota ta fari da muka duba wata ƙatuwar a-kori-kura ce mai giyar taimako. Idon ƙanena ya rufe, ni ma ta burge ni. Muka zauna da takarda da fensir, aikin da na fi sani. Muka lissafta tafiyarsa ta zuwa aiki, mil 40 kowace rana, da man da za ta sha, da kuɗin manyan tayoyinta. Lissafi ya nuna za ta cinye shi kafin shekara ta zagayo. Banda haka, a-kori-kura in ba kaya a bayanta ba ta da nauyi a baya, takan yi wutsiya a kan santsi, shi ya sa masu ita suke ɗora mata buhunan yashi. Muka yi wa mai ita godiya muka wuce.

Ta biyu tana ƙyalli kamar amarya, kujerunta na fata, kuɗinta kuwa ƙasa da abin da muka zata. Ƙanena ya so ya biya nan take. Na tuna masa da maganar tsohon, cewa kada ya sayi mota sai makanikin da shi ya zaɓa ya ɗaga ta sama ya duba cikinta. Muka biya makaniki ladansa, ya ɗaga ta, ya kira mu ƙarƙashi da tocila. Ya ɗauki sukuddireba ya danna ƙarfen da yake ɗauke da motar, sai ya shige kamar an soki gurasa, tsatsa ta zubo mana a ka. Ya ce gishiri ne ya yi wannan aiki. A ƙasashen sanyi hukuma takan watsa gishiri a hanya domin ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuwa yakan fantsama ƙarƙashin mota ya yi ta cin ƙarfe, har da bututun man birki. A Vermont kowace mota sai an duba lafiyarta sau ɗaya a shekara, wadda tsatsa ta ci ƙashinta ba za ta sami takarda ba. Lalle araha ba ta ado. Da mun biya, da kuɗin haihuwa ya tafi a kan tarin tsatsa.

Ta uku wata tsohuwar malamar makaranta ce take sayarwa. Subaru Forester ce ta 2012, fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta ɗan loɓa. A Vermont duk inda ka juya sai ka ga Subaru. Kamfanin na Japan ne, ya fara ƙera ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu a 1972, ta kuwa shiga Amurka a 1975. Akwai kuma Toyota RAV4 da Honda CR-V, su ma ana samun masu ja da ƙafa huɗu a cikinsu, amma sai an tambaya, gama ba dukansu ba ne. Abin da ya ja hankalin makaniki ga wannan abu uku ne. Na ɗaya, tsayin cikinta daga ƙasa ya kai santimita 22, dusa ba za ta tokare ta da sauri ba. Na biyu, matar takan kai ta a fesa mata mai a ƙarƙashi kowace kaka, ƙarfen yana nan da ƙarfinsa. Na uku, ta fito da wani fayil cike da rasit, kowane juyen mai da kowane gyara da kwanan watansa. Ya duba inji ko yana yoyon mai ko ruwa, ya gwada batir, gama sanyi yana rage masa ƙarfi ƙwarai, ya ce batir ɗin ne kaɗai za a sake.

Aka yi ciniki a kan dala 7,500. Sauran kuɗin ya tafi wurin tayoyin hunturu, da sabon batir, da takardu. Makaniki ya gargaɗe mu cewa a irin motar nan tayoyin huɗu su zama iri ɗaya, cinsu ɗaya, in ba haka ba sai su gajiyar da abin da yake rarraba ƙarfin. Tsohon manomi kuma ya sa aka ajiye shebur, da bargo, da tocila, da ɗan buhun yashi a bayan motar. Ya ce kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma in mutum ya maƙale ya bar inji yana aiki domin ɗumi, ya tabbata dusa ba ta toshe bakin salansa ba, domin hayaƙin yakan koma ciki ya kashe mutum yana barci.

Ran da muka kawo ta gida an kwana ana zuba dusa. A wata kwana muka tarar da wata ƙatuwar jif sabuwa fil ta kwanta a rami, mai ita yana tsaye yana waya, ba abin da ya same shi. Ƙafa huɗu take ja, amma gudu ya yi. Sauri ya haifi nawa. Ƙanena bai ce uffan ba, sai na ga ya ɗaga ƙafa daga totur. Muka iso gindin tudunmu, motar ta hau a hankali har ƙofar gida, matarsa tana leƙe ta taga tana dariya.

Bayan na komo gida, a watan Fabrairu na 2023, saƙo ya zo cewa ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Da asuba suka tafi asibiti, ana dusa, tafiyar rabin awa ta ɗauke su awa guda, amma sun isa. A watan Afrilu ya sake rubuto mini cewa ƙanƙara ta narke, hanyarsu ta zama taɓo har gwiwa, irin na hanyar ƙauyenmu a tsakiyar damina, motar kuwa tana fita.

Mu a nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma da yawa daga cikin motocin Kwatano da muke saye daga Amurka suka fito, waɗansu kuwa sun yi shekaru suna shan ruwan gishirin nan kafin a ɗora su a jirgin ruwa. Fenti yakan rufe abu da yawa. Maigida, in Allah ya hore maka kuɗin mota, ka fara tambayar kanka wace hanya za ta riƙa bi, ka lissafta abin da za ta ci kowane wata, ka ware kuɗin tayoyi masu kyau. Sa'an nan ka tafi da makanikinka, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashinta kafin ka sa hannu a aljihu.