Wane Kati Zan Ba 'Yata?

A watan Yuni na shekarar 2024 takarda ta iso gidanmu a Sakkwato cewa 'yata ta fari ta sami gurbin koyon aikin jinya a birnin Bangalore na ƙasar Indiya. Ba zan faɗi sunanta ba, gama a wurinmu uba ba ya kama sunan 'yar fari. Tallafin da ta samu ya ɗauke kuɗin makaranta da na ɗakin kwana. Amma abinci, da littattafai, da kuɗin mota, da magani, duk suna kanmu. A daren nan muka durƙusa muka yi godiya ga Ubangiji, yara suka yi ta waƙa har maƙwabta suka leƙo. Da kowa ya kwanta, ni ban runtsa ba. Tambaya guda ce ta hana ni barci: ta yaya kuɗi za su riƙa isa hannun yarinyar nan a ƙasar da ba ta da kawu, ba ta da gwaggo?

Ran Lahadi bayan an tashi sujada na kai maganar wurin wani dattijon ikkilisiyarmu, ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya ƙasashen waje. Ya ce mini, "Malam, nema mata katin bashi. Ko aljihunka ba ko kwabo, in matsala ta taso sai ta miƙa kati, banki ya biya, kai kuma ka biya daga baya." Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Ni malamin makaranta ne, albashina sananne ne, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Na ce a raina, ga hanyar da 'yata ba za ta taɓa sanin ranar da babanta ba shi da kuɗi ba.

Ranar Talata na hau kabu-kabu zuwa wani banki a Titin Kano. Ma'aikaciyar da na tarar ta yi haƙuri da ni, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ta bayyana mini cewa katunan da muke gani, ko da yake kamarsu ɗaya, aikinsu iri uku ne. Na fari shi ne irin wanda yawancinmu muke riƙe da shi: abin da ke cikin asusunka shi yake cirewa, in ya ƙare, kati ya tsaya. Na biyu shi ne wanda ake zuba masa kuɗi tun da fari, ba ya taɓa asusunka, abin da ka zuba shi za a kashe. Na uku shi ne katin bashi. Kuɗin banki kake kashewa, a ƙarshen wata a kawo maka lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka yanka, to, madalla. In ka biya kaɗan ka bar saura, kuɗin ruwa ya hau kan sauran. In kuwa tsabar kuɗi ka ciro da shi daga na'ura, yawanci tun ranar ruwa yake fara hawa, ga kuma ladan cirewa. Ta ƙara da cewa banki ba ya ba ɗalibar da ba ta da albashi irin wannan kati. Sai dai a ba ni a kan albashina ko a kan kuɗin da na jinginar, sa'an nan a yanka mata nata a ƙarƙashin nawa. Wato ita za ta kashe a Indiya, ni zan ci bashin a Sakkwato.

Ta kuma tuna mini da abin da na riga na ji a rediyo. Tun cikin shekarar 2022 bankunan ƙasar nan da yawa suka tsai da amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanka mata daraja. Dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 kafin wannan, a lokacin da nake zaune a bankin nan ta haura naira 1,500. Saboda haka katin naira da ke aljihuna ba zai saya mata ko ruwan sha a Bangalore ba. Dole kowane katin da za mu zaɓa ya zama na dala.

Da na dawo gida na ɗauki alli na yi lissafi a bayan ƙofa, kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyar. Na ce, a ce an ci bashin naira 200,000, ruwa kuma uku cikin ɗari ne kowane wata. Watan fari naira 6,000 ke nan. In ba a biya kome ba, wata na biyu ruwa zai hau har kan ruwan. Kafin shekara ta zagayo an ƙara fiye da naira 85,000. Wannan fa in bashin na naira ne. In na dala ne, akwai wani haɗari a kai: kana iya cin bashin dala 100 yau, kafin ka biya naira ta sake faɗuwa, sai ka ga albashin da zai biya bashin jiya, yau bai isa ba. Ba tatsuniya ba ce. A watan Mayu na wannan shekara ta 2024 muka ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila, waɗanda faɗuwar naira ta cinye ajiyarsu, suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, har aka umarci waɗansu su bar ƙasar.

Duk da wannan lissafi zuciyata tana kan katin bashin. Uwargidana ce ta gane dalili. Tana tankaɗen gari ta ce, "Malam, ba tsoron yunwarta kake yi ba. Tsoro kake yi kada ta san iyakar ƙarfinka." Na yi shiru, gama gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha tara ina ciyar da yarinyar nan, ban taɓa gaya mata nawa nake ɗauka a wata ba. Haka mahaifina ya yi da ni, haka na ga iyaye suna yi. Muna ganin wannan mutunci ne. Amma yaron da bai san zurfin rijiyar gidansu ba, yaya zai san yawan gugar da zai ja? Na tuna da kashedin da ke cikin Misalai sura 22 aya 7 a kan matsayin mai cin bashi a gaban wanda ya ba shi. Sau nawa na koya wa yaran makarantar Lahadi wannan aya, ga shi ina shirin ɗaura wa gidana igiya don in rufe kunyata.

Washegari da dare na kira ta, na buɗe littafin da nake rubuta kuɗin gida, na ajiye a gabanta. Ta ga albashina. Ta ga zakka da baiko, da kuɗin haya, da buhun gero, da kuɗin makarantar ƙannenta uku, da abin da nake aika wa kakarta a ƙauye. Ta ga adashin da mamarta take zubawa a zumuntar mata. Ta daɗe tana dubawa ba ta ce kome ba. Can ta ɗago ta ce, "Baba, ashe da haka kuke riƙe da mu?" Hawaye ya zubo mata, ni ma na kau da kai. Ita da kanta ta ɗauki biro ta rage abin da na yi niyyar aika mata kowane wata, ta ce kada a taɓa kuɗin makarantar ƙannenta. Daga daren nan na daina kallonta kamar yarinyar da za a ɓoye wa magana.

Ga abin da muka yi. Muka buɗe mata asusun dala da sunanta. Suka nemi lambar BVN, da lambar katin ɗan ƙasa, da hotuna, da mutum biyu masu tsaya mata. Aka ba ta kati a kan asusun, wanda ba ya wuce abin da ke ciki. Kowane wata ina sayen dala a wurin 'yan canji masu rajista in zuba mata. Sa'an nan muka karɓi kati na biyu, irin wanda ake zuba wa kuɗi tun da fari, muka sa dala 300 a ciki. Kuɗin nan daga kwasar adashin mamarta ne da gudummawar 'yan'uwa a ikkilisiya. Muka yi alkawari ba za a taɓa shi ba sai don ciwo ko wani babban hatsari, kuma zai zauna a cikin akwati tare da fasfo. Ɗaya katin Visa ne, ɗaya Mastercard, domin in na'ura ta ƙi wannan, wataƙila ta karɓi wancan. Muka kuma ba ta 'yar tsabar dala a hannu. Wanda ya tuna da ɗalibanmu da yaƙi ya rutsa da su a Khartoum cikin Afrilu 2023, har aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar, ya san akwai ranar da na'urar banki ba abin dogara ba ce.

Ya 'yan'uwa iyaye, in za ku zaɓi kati, ku yi wa banki waɗannan tambayoyi, ku rubuta amsa. Katin yana aiki a ƙasar da yaron za shi? Kada ku ɗauka ko'ina ɗaya ne, gama tun watan Maris 2022 Visa da Mastercard suka daina aiki a Rasha. Nawa ne iyakar abin da za a iya kashewa a rana, da kuma a wata? Nawa ake cirewa in an ciro kuɗi a na'urar waje? Da wane farashi ake canjin kuɗin? In kati ya ɓace, yaya za a rufe shi daga can, yaya kuma sabo zai isa hannunsa? Yaushe katin zai ƙare aiki? Ku dubi shekarar da aka buga a jikinsa, kada ya mutu karatu bai ƙare ba. Ku kuma gaya wa yaro, in na'ura ta tambaye shi ko a yi masa lissafi da dala ko da kuɗin ƙasar, ya zaɓi kuɗin ƙasar, gama canjin da na'urar take yi da kanta ya cika tsada. Lambar sirri kuwa ko aminin da suke cin abinci a kwano ɗaya kada ya sani.

A watan Agusta muka raka ta filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ta tashi zuwa Abuja, daga can ta bi ta Addis Ababa. Da ta isa, ta yi rajista a ofishin baƙi cikin kwana 14 kamar yadda dokar Indiya ta ce, ta kuma buɗe ƙaramin asusu a bankin can, domin mutanen ƙasar sun fi biyan kuɗi ta waya.

Gwaji ya zo a watan Oktoba. Wajen ƙarfe goma na dare waya ta yi ƙara, wata abokiyar karatunta ce, ta ce zazzaɓi mai zafi ya kama ta, asibiti suna so a ajiye kuɗi kafin a ba ta gado. Wata ya yi nisa, asusunta saura kaɗan, aljihuna kuwa babu. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan sa'a na ce da ma na bi shawarar dattijon nan. Katin bashi yana da ranarsa, kuma wanda yake da ƙarfin biya duka a ƙarshen kowane wata, ba na ganin laifinsa. Sai uwargida ta ce, "A buɗe akwati." Aka ɗauko kati na biyu, aka biya. Kwana huɗu ta yi a asibiti, matan ikkilisiyar da take zuwa sujada a can suka riƙa kai mata abinci. Ubangiji ya tashe ta. Wata biyar muka yi muna mai da abin da aka cire, kaɗan kaɗan, ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

A watan Yuli 2025 waɗansu bankuna, kamar GTBank da UBA, suka sanar sun sake buɗe katin naira don amfani a waje, tare da iyaka. Wannan sauƙi ne, amma dokokin nan suna sakewa kamar iskar bazara. Ku je banki ku tambaya kafin ranar tafiya. Mu dai ba mu rufe asusun dala ba.

Har yanzu kowane ƙarshen wata tana aiko mini da lissafin abin da ta kashe, ban taɓa roƙonta ba. Ni ma ina aika mata da na gida. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba dole ne uba ya sa wa ɗansa shi a cikin guzuri ba. Kafin ku kai yaro banki, ku zaunar da shi a kan tabarma, ku nuna masa abin da Allah ya ba ku da inda yake tafiya, ku yi addu'a tare a kansa. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu da ke baƙunci, ya dawo mana da su lafiya. Amin.