Ƙurajen saiwar waken suya

A gonar kawuna da ke bayan garin Dandume na tuge tushen waken suya guda a tsakiyar Agusta, ƙasa na jiƙe, sai ya fito da saiwarsa duka. Jikin saiwar duk 'yan ƙuraje ne, kowanne kamar ƙwayar dawa. Na ɗauka cuta ce. Kawu ya karɓa, ya fasa ɗaya da farce, ya miƙo mini. Cikinsa ja-ja, kamar tsokar nama.

"Ɗana, in ka ga jan nan, ƙasa ta ƙoshi. Baɗi masara zan zuba a nan."

Bai taɓa jin sunan Beijerinck ba, Baholanden da ya fara ware bakteriyar da ke zaune cikin irin waɗannan ƙuraje a 1888, amma aikinta ya daɗe da saninsa. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, shi ne dai wanda manomi ke zare kuɗi ya saya a buhun yuriya. Shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska. Bakteriyar ce ke kamo shi ta mayar da shi abinci, wake kuma ya biya ta da sukari. Jan da muka gani ɗan uwan abin da ke rina jininmu ne, yana tsare iskar oksijin don kada ta yi yawa ta ɓata aikin. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da irin waken suya na TGx ne domin ya yi wannan ƙawance da bakteriyar da ya tarar a ƙasarmu.

Da za mu koma gida muka ratsa ta fadama. Ko'ina na taka cikin shinkafa, sai taɓo ya saki kumfa, ɓul-ɓul. Iskar metan ce, mai kama wuta, daga ciyawar da ke ruɓewa a ƙasan ruwa. A saman taɓon da kewayen saiwar shinkafa akwai wata bakteriya da ba ta da cima sai wannan iskar, tana lashe wani kaso kafin ya tsere sama ya ƙara wa duniya zafi. Wasu daga cikin danginta ma suna haɗawa da kamo naitirojin. Ina ta bayani, amma Kawu bai saurare ni ba a nan, silifas ɗinsa ya maƙale a taɓo, yana ta lalube da hannu.