Zanzibar Da Pemba Sa'ad Da Baƙi Suka Watse

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa ƙarshen Mayu, ruwan sama ba ya barin tsibiran Zanzibar su huta. Mutanen wurin suna kiran wannan damina "masika", kuma a cikinta ne Turawa 'yan yawon buɗe ido kan ɗauke ƙafa, otal-otal na bakin teku su karya kuɗin ɗaki, waɗansu ma su garƙame ƙofa su shiga gyare-gyare. To, wanda ya ke so ya ga masu ƙasa da kansu, wannan shi ne lokacin zuwansa.

Zanzibar dai tsibirai ne a tekun Indiya, manyansu guda biyu, watau Unguja da Pemba. Sun haɗu da Tanganyika ran 26 ga Afrilu 1964, wata uku da 'yan kwanaki bayan juyin da ya kawar da sarautar Larabawa, aka sami ƙasar Tanzaniya. Daga Dar es Salaam jirgin ruwa mai gudu yakan kai matafiyi Unguja cikin kamar awa biyu, ya sauke shi a bakin tsohon gari, wanda a ke kira Garin Dutse.

Lungunan garin matsattsu ne ainun, har da yawansu mota ba ta iya shiga. In hadari ya sauko sai indararo ya riƙa zuba daga benaye dama da hagu, nan da nan lungu ya zama kwata. A nan ne baƙo zai gane amfanin dakalin da aka gina a jikin kowane gida, wanda su ke ce wa "baraza". Da rani wurin hira ne, amma da damina shi ne hanya: 'yan makaranta, da mata lulluɓe da zane, da dattawa masu farar riga da hula, duk bisansa su ke bi, suna kauce wa juna cikin ladabi. In ruwa ya yi ƙarfi a fake a wurin mai gahawa a dandalin da a ke kira Jaws Corner, inda babu mai gaggawa. Bahaushen da ya kasa kunne a wurin zai tsinci kalmomin da ba baƙi ba ne gare shi, irin su "dunia" da "habari" da "sabuni", domin Suwahili da Hausa sun sha daga rijiyar Larabci ɗaya.

Sai dai ruwan da ke wanke garin shi ne kuma ke cin sa. An gina gidajen da duwatsun murjani da farar ƙasa, aka yi azara da itacen bakin teku, saboda haka da zarar rufi ya fara yoyo sai azara ta ruɓe, bango ya jiƙe ya tsage. Ko da ya ke UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, gidaje da yawa talakawa ne ke haya a cikinsu, ba su da halin gyara. Ai ko Baitul Aja'ib, babban benen nan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a watan Disamba na 2020 ana tsakiyar aikin gyaransa, balle gidan mai sayar da kifi.

A gabashin Unguja, wajen ƙauyukan Paje da Jambiyani, rairayin bakin teku yakan koma hannun masu shi. Idan ruwa ya janye sai mata su shiga da igiyoyi da turaku, su kula da ciyawar teku da aka fara nomanta don sayarwa a 1989. Su ma daminar ba ta ƙyale su ba, don ciyawar sai ta bushe a ke saye, ga shi rana ta yi wuyar gani. Samarin da ke cin abinci da jagorancin baƙi kuwa, abin da suka tara da rani shi su ke ci, wanda bai yi tanadi ba sai bashi.

Pemba tana arewa, kuma ba banza Larabawa suka raɗa mata suna Koren Tsibiri ba. Tudu ne da kwari, shinkafa a ƙasa, itatuwan kanumfari a sama. Asalin wannan itace daga tsibiran Maluku na Indunusiya ya ke, Sarki Sayyid Sa'id na Oman ne ya matsa a shuka shi a ƙarni na 19, bayi kuwa su suka yi wahalar aikin. A 1872 guguwa ta share gonakin Unguja ta bar na Pemba, tun daga nan kuwa Pemba ta zama uwar kanumfari. Manomin can ba ya kukan masika ko kaɗan, gama ruwan da ya kori baƙo shi ne ke cika itacensa da 'ya'ya, waɗanda za a tsinke da hannu bayan 'yan watanni a shanya bisa tabarmi a gefen titi.

Tafiya can ta jirgin ruwa sai da lura. Wajen watan Afrilu iska takan juya ta riƙa busowa daga kudu, teku ta yi ta tumbatsa, musamman a mashigin da ke arewa da Nungwi. A wannan mashigi ne jirgin Spice Islander, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya nutse a watan Satumba na 2011 tare da ɗaruruwan mutane. Shi ya sa baƙo mai hali kan hau ƙaramin jirgin sama ya sauka kusa da Chake Chake cikin kamar rabin awa. Mutanen Pemba kuwa, da buhunansu da 'ya'yansu, har yanzu jirgin ruwa su ke jira a tashar Mkoani.