Doka Ɗaya Ga Kowa, Amma Daga Wace Rana?

Akwai maganganun da in an furta su ba mai iya musu, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce a ce doka ɗaya ce ga kowa. A wannan ɗan rubutu ina so in tattauna da malamaina da 'yan'uwana ɗalibai game da wani mutumin ƙasar Kanada mai suna Gary McHale, ɗan ra'ayin riƙau, wanda ya mayar da wannan magana takensa sa'ad da ya tashi yaƙar zaman dirshan da 'yan asalin ƙasar suka yi a kan wani fili a garin Kaledoniya. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda magana za ta zama gaskiya a bakin mai faɗinta, amma ta rasa adalci saboda wurin da ya fara lissafi.

Kafin mu kai ga McHale wajibi ne mu san asalin rigimar. Mutanen da ake magana a kansu su ne Haudenosaunee, waɗanda Turawa ke kira Ƙabilu Shida. A lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka da yawansu sun goyi bayan Ingila a ƙarƙashin shugabansu Joseph Brant. Da aka ci Ingila da yaƙi sai suka rasa ƙasarsu ta gado. Don a saka musu, ranar 25 ga Oktoba, 1784, Gwamna Frederick Haldimand ya ba su takarda da sunan Sarkin Ingila, ya mallaka musu mil 6 a kowane gefe na Kogin Grand, tun daga mafarinsa har inda ya faɗa tafki, watau wajen eka 950,000. Abin da ya rage a hannunsu yau bai wuce kashi 5 cikin 100 na wannan ba. Gwamnati ta ce shugabanninsu ne suka sallama yawancin filin a shekarun 1840. Su kuwa sun ce ba a sami yardarsu ta hanyar da ta dace ba, kuma ba a ba su cikakken bayanin kuɗin da aka ce an ajiye musu ba.

Ranar 28 ga Fabrairu, 2006, wasu daga cikinsu, mata a gaba, suka shiga wani fili mai hekta 40 da ake kira Douglas Creek Estates, inda wani kamfani ya fara gina gidajen sayarwa, suka ce ba za su tashi ba. Kotu ta ba da umarni su fita, suka ƙi. Ranar 20 ga Afrilu da asuba 'yan sandan lardin Ontariyo suka kai samame suka kama mutum 16, amma kafin rana ta yi sama ɗaruruwan 'yan'uwansu sun iso, 'yan sanda suka ja da baya. Daga nan aka tare babban titin garin da hanyar jirgin ƙasa. A watan Yuni gwamnatin lardin ta saye filin daga hannun kamfanin, ta bar masu zaman a inda suke.

A nan ne McHale ya shigo. Ba ɗan garin ba ne, daga Richmond Hill yake, arewa da Toronto. Ranar 15 ga Oktoba, 2006, ya shirya jerin gwano da ya kira na neman 'yanci. Hujjarsa ita ce 'yan sanda suna aiki da ma'auni biyu: in ɗan asalin ƙasa ya karya doka sai a kau da kai, in wani ne sai a damƙe shi. A watan Disamba na shekarar aka kama shi a kan yunƙurin kafa tutar Kanada kusa da filin, sai ya riƙe wannan kamu ya zama shaidarsa: ga ɗan ƙasa an hana shi ɗaga tutar ƙasarsa, alhali tutocin masu zaman dirshan na kaɗawa a tsallaken titi. Ya yi ta kai manyan 'yan sanda kotu, har a 2008 ya tsaya takarar majalisar tarayya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, bai ci ba.

To, gaskiya ɗaci gare ta, kuma dole a ba mutumin nan haƙƙinsa. Mazauna Kaledoniya sun sha wuya. An toshe musu hanya wajen wata guda, an lalata na'urar wutar lantarki gari ya kwana cikin duhu, kasuwa ta mutu, a 2007 kuma an yi wa wani magini mummunan duka a cikin gidan da yake ginawa. Wanda ya sayi gida da guminsa ba shi ne ya yi wa kowa alkawari a 1784 ba. Ita kanta gwamnatin Ontariyo ta amince a 2011 ta biya mazauna garin da 'yan kasuwa diyyar dala miliyan 20. Duk mai cewa kukan McHale ba shi da tushe ko kaɗan bai yi wa waɗannan mutane adalci ba.

Amma fa inda na rabu da shi ke nan. Dokar da yake so a yi wa kowa daidai, lissafinta ya fara ne daga ranar da aka shiga fili. Duk abin da ya gabaci wannan rana, a wurinsa tarihi ne, ba shari'a ba. Kowane ɗan ƙauye a cikinmu ya san ba haka ake raba rigimar gona ba. Mai gari ba ya tsayawa a kan wa ya fara ɗaga fartanya jiya, sai ya kira dattawan da suka san inda iyaka take tun zamanin kakanni. Takardar Haldimand ma doka ce, da sunan sarautar da kotunan Kanada ke yanke hukunci da sunanta aka rubuta ta. Ta yaya umarnin kotu mai 'yan makonni zai zama doka, alkawari mai shekara 222 ya zama tatsuniya?

Wani zai ce, me ya hana su bin hanyar shari'a? Amsa ita ce sun bi. A 1923 wakilinsu Deskaheh ya je har Janeba ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, ba a saurare shi ba. A 1924 gwamnati ta tura 'yan sanda suka kawar da majalisarsu ta gargajiya. Daga 1927 zuwa 1951 dokar ƙasa ta haramta tara kuɗi don neman haƙƙin 'yan asalin ƙasa a kotu ba tare da izinin gwamnati ba. A 1995 suka shigar da ƙarar Kanada da Ontariyo, har aka shiga 2006 babu hukunci. Wanda aka rufe wa ƙofar alƙali na tsawon wannan lokaci, in ya zauna a bakin gona, ba a fara yi masa wa'azin haƙuri.

Har ila yau, sassaucin 'yan sanda da McHale ya kira wariya yana da dalili. A watan Satumba na 1995, a Ipperwash cikin lardin nan dai, ɗan sanda ya harbe Dudley George, wanda ba ya ɗauke da makami, a wani zaman dirshan da ya samo asali daga filin da aka karɓe a 1942 don sansanin soja da alkawarin za a mayar. Ana cikin binciken wannan kisa ne rikicin Kaledoniya ya ɓarke. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya.

A ganina McHale ya bar jaki yana dukan taiki. Ya tuhumi hukuma da rashin korar mutane, bai tuhume ta da rashin biyan bashin da ya kai su can ba. Da ya karkata rabin ƙarfinsa ga matsa wa gwamnatin tarayya ta warware maganar filin, da ya yi wa mazauna garin aikin da ya fi jerin gwano amfani, domin su da maƙwabtansu duka jinkirin gwamnati ne ya cuce su. Shaida kuwa ita ce a watan Yuli na 2020 an sake yin wani zaman dirshan a gefen garin, a filin McKenzie Meadows, har a 2021 aka fasa ginin. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu da sana'armu nazarin magana ce, in muka ji wani yana kiran doka ɗaya ga kowa, mu yarda da shi, sa'an nan mu tambaye shi daga wace rana ya fara ƙidaya. Amsar da ya bayar ita za ta nuna ko adalci yake nema, ko kuwa so yake abin da ke hannun kowa ya tsaya a hannunsa.