A-kori-kura Da Kuɗin Adashina

A yawancin gidajenmu idan aka zo maganar mota sai ki ji an ce ke mace mene ne naki a ciki. Amma ranar da motar ta kwanta, ɗakinki za a fara leƙowa, a tambayi kuɗin adashi ko a dubi tunkiyar da kika ɗaure a turke. To 'yar'uwa, tunda kuɗinmu na shiga ciki, ai ya halatta mu san abin da ake yi da su.

Mu a nan Kalmalo, kusa da Illela, mota abokiyar noma ce. Da ita ake kwaso albasa da tattasai daga bakin tafki, da ita ake kai buhuna kasuwar Illela ranar Lahadi. Maigidana yana da wata a-kori-kura mai shan gas, wato dizal, kuma otomatik ce, irin wadda ke canja giya da kanta. Ina son motar nan, domin a cikinta na koyi tuƙi cikin 'yan kwanaki: birki da totur kawai, ƙafar hagu tana hutawa.

Sai ta fara ciwo. A take totur ta yi gurnani ba ta tafi ba, man giyarta da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana ƙauri. Bayanin da na samu shi ne, a otomatik mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Idan aka lafta mata kaya aka shiga yashi da ita a tsakiyar zafin bazara, man ya yi ta zafi har ya ƙone, fayafayan da ke cikin giyar su bi bayansa. Ga kuma babbar damuwar manomi: idan batir ya mutu a gona, ba a tura otomatik ta tashi. Mai kuloci kuwa, samari huɗu sun isa.

Da Maigida ya ce zai mayar da ita mai giyar hannu, kuma yana son in ranta masa adashina da kuɗin tumaki biyu, na ce masa, "Maigida, a yi mini bayani tukuna." Ya yi dariya ya ce, "Ke mi kis sani ga mota? Wagga magana ta maza ta." Na ce ai kuɗin na mace ne. Washegari ya kawo makaniken zaure, ni ina daga bayan ƙyaure ina tambaya, ƙanena yana rubutawa a bayan takardar da nake rubuta littafina.

Ashe aikin ya wuce a cire tukunya a ɗora wata. Bayan an sauke giyar otomatik, akwai wani siririn faifai a bayan inji, shi ma sai ya fita, a sa mai kauri da nauyi wanda kuloci zai kama. Sannan farantin kuloci da murfinsa da ɗan bori ɗin da ke danna shi. Sannan a kawo matakin ƙafa na uku da 'yan famfunansa biyu masu tura mai, a rage faɗin matakin birki don a samu wuri. A gyara ramin da ke ƙasan mota inda sandar giya za ta fito. Doguwar sandar nan da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya, furofela, sau da yawa tsawonta ba ya dacewa, sai an nemo wata. Motar da ke da kwamfuta kuwa za ta yi ta neman tsohuwar giyarta, tana kunna fitilar gargaɗi, sai an daidaita ta ko an sake ta. Shi ya sa masu hankali ke sayen kayan gaba ɗaya daga jikin mota guda irin tasu, maimakon tsintar ɗaya nan ɗaya can.

Lokacin ma bai yi mana daɗi ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, don haka Ƙonni da ke nan kusa ta yi mana nisa. Sai Kano aka je, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka yo dakon giya har gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda nake so kowace uwa ta ji, shi ne wata 'yar waya. Otomatik ba ta tashi sai giya tana kan P ko N, akwai makunnin da ke hana ta. Idan aka yi canji, hanya mafi sauƙi ga makanike ita ce ya haɗe wayoyin kawai, mota ta riƙa tashi ko a wace giya take. Ki duba: an ajiye mota a ƙofar gida cikin giya ta ɗaya, yara na wasan ƙasa a gabanta, yaron mota ya leƙo ta taga ya murɗa makulli. Injin gas yana da ƙarfin fizga tun daga tashinsa, tsalle za ta yi. Na ce ban yarda ba sai an sa makunnin a jikin matakin kuloci, yadda ba za ta tashi ba sai an taka shi. Makaniken ya ce, "Hajiya, wannan ƙarin aiki ne." Na ce a ƙara, a lissafa. Fitilar ribas ma na tuna masa, domin ita ma wayarta daga giya take.

Ba na zagin otomatik. A Amurka yawancin a-kori-kura irinta ne, kuma da a cunkoson Kano nake zaune da ban yarda an taɓa ta ba. Amma a wurin da mai gyaran cikinta yake nesa, mai sauya farantin kuloci kuwa yake nan Illela, na ga gaskiyar Maigida. Sai dai an yi mini rashi, don motar da na iya ta koma wadda ban iya ba, kuma na san halin maza, da an kwana biyu sai a ce ai mota ta fi ƙarfin mace. Saboda haka kafin in miƙa kuɗi na kafa sharaɗi biyu a gaban Inna, mahaifiyarsa: bashi ne, a biya idan an sayar da albasa, kuma shi da kansa zai koya mini kuloci. Inna ta ce, "Ka ji dai, ni ce shaida."

Koyon ya sha mutuwar mota, ya sha dariyar yara a fili bayan gari. Daga baya ƙafar hagu ta gane inda farantin ke kamawa, kamar yadda hannu ke gane tuwo ya yi. Tsohuwar giyar ta yi wata uku a zaure kaji na kwana a kanta, kafin wani mai sayen tsofaffin kayan mota daga Sakkwato ya ɗauka. Kuɗinta ne suka mayar mini da tunkiya ɗaya, ɗayar kuma sai da albasa ta yi kuɗi.