Masu Jiran Gauraki a Gadar Otowa

A ƙauyen Tsurui da ke tsibirin Hokkaido, can arewacin Japan, akwai wata gada mai suna Otowa a kan kogin Setsuri. Duk lokacin hunturu, tun kafin asuba, mutane kan jeru a kanta kafaɗa da kafaɗa, kowa da kyamararsa a kan ƙafafu uku, cikin sanyin da kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Abin da suke jira shi ne tanco, ɗan'uwan gaurakarmu, fari da baƙi mai jan tabo a ka. A cikin kogin tsuntsayen ke kwana a tsaye, domin ruwansa ba ya daskarewa.

Lokacin da nake karatu a ƙasar na taɓa tsayawa cikinsu. Yawancin waɗanda na gani dattawa ne da suka yi ritaya, ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Tsadar kayan aikinsu ba ta dame ni ba kamar yadda haƙurinsu ya kama ni. Tsuntsayen na can nesa, amma ban ga wanda ya sauka bakin ruwa don ya matsa kusa ba. Wani tsoho a gefena ya bayyana mini dalili: tsuntsun da aka firgita ya tashi cikin wannan sanyi yana ƙona ƙarfin da zai kai shi bazara.

Sun san tarihin abin da suke kallo. An taɓa ɗauka tanco ya ƙare a Japan, sai a 1924 aka gano ƴan ƙalilan a fadamar Kushiro. A 1952 mutanen ƙauyuka suka fara watsa musu masara cikin hunturu; 33 aka ƙirga a shekarar. Yau sun haura dubu.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu cunkoso a gindin sheƙa har uwa ta gudu ta bar ƙwai, abin da ƙungiyar kare tsuntsayen daji ta Japan, wadda aka kafa a 1934, ke yawan gargaɗi a kai. Hoton kan yi kyau, tsuntsun ne ke biyan kuɗinsa.

Mu namu gaurakin, kama su ake yi a kai gidajen manya don ado, har sun yi wuyar gani a fadamunmu. Mu ma son su muke yi. Sai dai na fi yarda da son da ke iya tsayawa daga nesa, ya koma gida da hoto kawai.