Kuɗin Goro

A kasuwar Talata Mafara, idan ɗan kasuwa ya tsauwala riba, akan ce masa Bayahude. Mafi yawan masu faɗar haka ba su taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Sunan al'umma guda ya zama zagi a bakinsu, sa'annan labaran Gaza suka ƙara masa kaifi, har ya zamana mai neman a raba gwamnatin Isra'ila da sauran Yahudawan duniya sai a dube shi da zargi.

Wannan muhawara tsohuwa ce, kuma tana da jijiya a ƙasar Hausa. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya taso ne daga Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, inda wajen 1492 ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ja da shi, yana ganin amanar da Musulunci ya ba su ta hana a taɓa su. Al-Maghili ya yi rinjaye. Yau sunansa sananne ne a zaurukan karatu, na alƙalin kuwa sai masu tonon tarihi.

A zamanin nan akwai Farfesa Muhammad Dajani na Jami'ar Al-Ƙudus, Bafalasɗine da ya yi gwagwarmaya cikin Fatah da ƙuruciyarsa. A watan Maris 2014 ya kai ɗalibai 27 Auschwitz, a Poland, inda 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa kusan miliyan ɗaya. A cikin shirin guda, ɗaliban Isra'ila sun ziyarci sansanin 'yan gudun hijirar Falasɗinawa na Dheisheh. Da ya dawo aka kira shi maci amana. Cikin 'yan watanni ya ajiye aikinsa, a Janairun 2015 kuma aka ƙona motarsa. Bai janye da'awar ƙasar Falasɗinu ba. Abin da ya ƙi shi ne a gina ta kan musun azabar wasu.

Mutanen Maradun, Bakura da Mafara sun san zafin rasa ƙasa tun rikicin madatsar Bakolori, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a 1980, don haka tausayinsu ga Falasɗinawa halal ne. Sun kuma san illar kuɗin goro. A shekarun nan an kashe Bafulatani don laifin ɗan bindigar da bai sani ba, an ƙona ƙauyen Bahaushe don aikin 'yan sa-kai. Wanda ya ce a tsaya a tantance mai laifi yakan fara shan zargi daga nasa kafin na waje.

Shari'ar da ake koyarwa a yankin ta tabbatar cewa ba a ɗora wa rai nauyin wani rai. Gyaran yana iya farawa daga harshe: a kira azzalumi da sunan zaluncinsa, a bar sunan danginsa.